Labarin Wa Za A Ɗauka, Wa Zai Biya: Nazarin Lamarin Wata Ƙaramar Mujalla a Katsina

Mujallar da wannan nazari ya shafa ba ta neman riba, kuma ba ta bin labaran yau da kullum. Aikinta shi ne ta zauna da mutum guda, ta saurare shi har ya gama, sannan ta rubuta rayuwarsa da Hausa ta saka a intanet. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa a cikinta ba, domin wani ɓangare na abin da zan kawo ya taɓa mutanen da ba su nemi a san su ba. Ni ne na riƙe mata littafin lissafi a matsayin ɗan sa-kai tun daga 2021, don haka abin da ke nan ko dai na gani da idona, ko na karanta a takardunta.

Asali: 2019 zuwa 2020

Mutum huɗu suka fara ta a ƙarshen 2019: wata malamar sakandare, wani ma'aikacin rediyo, da samari biyu da suka gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua suna jiran aiki. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a wajejen Ƙofar Ƙaura, wanda wani ɗan'uwan malamar ya ba su aro. Labari ɗaya suke fitarwa a mako, a shafin Facebook. A cikin na farko-farko akwai na wani tsohon baduku da idonsa ya fara rauni, da na wata ungozoma, da na wani direban motar Jibiya da sana'arsa ta tsaya cik bayan an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019.

Babu wata ƙa'idar zaɓen labari a lokacin. Wanda ɗayansu ya sani, ko wanda aka ce musu yana da baki, shi ake zuwa wurinsa. Kuɗin mota da na data daga aljihunsu yake fitowa, kuma ba wanda ke rubutawa.

A Afrilun 2020 aka kulle Daura saboda korona, daga baya kullen ya iso birnin Katsina. Suka koma hira ta waya. Mutane na zaune a gida, masu karatu suka ƙaru sosai, aka fara kiran su ana cewa ku zo ku ji kakata kafin ta rasu. Wannan ne ya ba su ƙarfin gwiwar yin rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai kwamitin amintattu. Hanyar tana da tsawo: a tsara kundin ƙa'idoji, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a nemi takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin banki ya yarda ya buɗe asusu. Sun kammala a farkon 2021.

Tallafin farko: 2021

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako 344 a ranar 17 ga watan. Daga nan idon duniya ya juyo kan Katsina, ƙungiyoyi masu ba da tallafi suka shiga neman waɗanda suka iya Hausa, suka san hanya, kuma mutanen ƙauye za su yarda su yi musu magana. Mujallar ta cika duka ukun.

Wata ƙungiya da ke Abuja ta ba su tallafin shekara ɗaya daga tsakiyar 2021. Sharuɗɗan a rubuce suke: labari 24 na mutanen da matsalar tsaro ta shafa, wato shida a kowane wata uku, kowanne da hoto, rabi na mata. Ana sakin kuɗi kashi-kashi, kuma ba a sakin na gaba sai an miƙa rahoton na baya da rasit. Da wannan kuɗi aka sa mutum uku a albashi, aka sayi rikoda biyu da kwamfuta, aka kama hayar ofis na kansu. A littafin da na fara riƙewa a lokacin, abin da ke shigowa daga wani wuri ban da wannan ƙungiya bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Abubuwa uku suka sauya a cikin watanni kaɗan, kuma ba wanda ya zauna ya yanke cewa su sauya. Labaran masu sana'a suka tsaya, domin babu lokaci kuma babu wanda ke biyan kuɗin motarsu. A wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka, wasu mutane suka zama kamar dillalai, suna tarar ma'aikatan da cewa ga wadda labarinta ya fi na kowa. Sannan a zaman editoci, tambayar da ake yi ta koma ɗaya: a cikin waɗannan, na wa ya fi tsanani? Wadda aka kashe mata miji ta sha gaban wadda aka kore wa shanu, wadda aka sace wa 'ya ta sha gaban duka biyun.

Masu karatu ma suka sauya. Labaran kan yi yawo a ranar farko, a yi ta addu'a a ƙarƙashinsu, washegari shiru. Kiran da ake yi na ku zo ku ji kakata ya ragu har ya daina.

Abin da ya faru a Oktoban 2021

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar matakan tsaro, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da Batsari, Safana, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari da Ɗanmusa. Sai a Disamba aka fara maido da su.

Kafin katsewar, ɗaya daga cikin ma'aikatan ta yi doguwar hira da wata dattijuwa daga yankin Batsari. An sace 'yarta, ta yi watanni a daji, dangi suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. Dattijuwar ta yi magana da zuciya ɗaya, ta yarda a ɗauki hotonta, ta danna yatsa a takardar amincewa da aka karanta mata. Ma'aikaciyar ta ce mata, Inna, in na rubuta zan kira in karanta miki. Sai aka katse layi, dattijuwar kuma ta koma ƙauye wajen ƙaninta.

Rahoton wata uku na farko ya zo, labari biyar ne a hannu, ana bukatar shida. An yi zama biyu a kan maganar. Ma'aikaciyar ta ce a jira. Sauran suka ce ga takarda da yatsanta, kuma in rahoto ya makara albashin Nuwamba ba zai fito ba. An tambaye ni ko asusu zai iya ɗaukar jinkirin wata guda, na ce ba zai iya ba, domin gaskiyar lissafin ke nan. Aka sauya sunan dattijuwar, aka bar hotonta da sunan gundumarsu, aka buga.

Abin da ba a sani ba shi ne an riga an sa wa yarinyar rana, kuma dangin mijin, da ke zaune a wani gari, ba su san ta taɓa shiga hannun ɓarayin daji ba. Wani ya gane hoton, ya ɗauki hoton shafin ya tura a WhatsApp. Aka fasa auren. Labarin fasa auren bai iso ofis ba sai a Janairun 2022, lokacin da ƙanin dattijuwar ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba, bai nemi kuɗi ba. Ya ce ya zo ne ya ga fuskar waɗanda yayarsa ta amince da su. A ranar aka sauke labarin daga shafi, amma hoton da ya shiga wayoyin mutane ba shi da hanyar dawowa.

An sanar da ƙungiyar Abuja. Suka yi jaje, suka aiko da sabuwar takardar amincewa mai shafi uku da Turanci. Tallafin ya ƙare a tsakiyar 2022, ba a sabunta ba, domin hankalinsu ya koma shirye-shiryen zaɓe. Ma'aikaciyar da ta yi hirar ta ajiye aiki tun kafin nan.

Abin da aka gwada bai yi ba: tsakiyar 2022 zuwa tsakiyar 2023

An fara da tallace-tallace. Masu shaguna suka ce su rediyo suka sani. Waɗanda suka zo da kuɗi a hannu 'yan siyasa ne, ana tunkarar zaɓen 2023, kuma abin da suke so shi ne a rubuta tarihin rayuwar ɗan takara da irin salon da ake rubuta na baduku da ungozoma, ba tare da an nuna cewa biya aka yi ba. An karɓi guda ɗaya. Masu karatu suka gane tun daga sakin layi na farko, aka yi ta faɗa a ƙarƙashinsa, kwamitin amintattu ya hana a sake.

Sai aka gwada rufe dogayen labarai, sai wanda ya biya zai karanta. A wata biyu waɗanda suka biya ba su cika ashirin ba, kuma kusan dukansu abokai ne. Mutumin da ke auna data da megabait ba zai ƙara biyan wani kuɗi don ya karanta ba, musamman da yake waɗanda aka ba da labarinsu da danginsu su ne aka fara rufe wa ƙofa.

Gwaji na uku shi ya fi cin kuɗi. Aka tattara labarai goma sha biyu aka buga su littafi, aka shirya taron ƙaddamarwa a Janairun 2023, da babban mai ƙaddamarwa da manyan baƙi kamar yadda aka saba. An yi alkawura masu daɗin ji a lasifika. Taron ya faɗo daidai lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi, mutane na kwana a layin banki, masu POS na cin karensu babu babbaka. Abin da aka iya karɓowa daga alkawuran bai biya maɗaba'a ba. Wanda ya bi sawun alkawari na wata shida ya san yadda ake jin nauyin sake buga wa babban mutum waya. Kwalayen littafin suna nan a ofis har yanzu, ana ba makarantu kyauta.

A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a cikin kwanaki. Tafiya ɗaya zuwa Funtuwa ko Daura ta koma abin da sai an yi shawara. A Yuli babu albashi, aka saki ofis aka koma ɗakin aro. Mujallar ta yi mako tara ba ta fitar da komai ba.

Sabuwar ƙa'idar zaɓe: Satumban 2023

Kwamitin amintattu ya zauna a kan ko a rufe. Shugabar kwamitin, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin koyarwa, ta ce kafin a yi maganar kuɗi a fara rubuta yadda ake zaɓen labari, domin tun 2019 ba a taɓa rubutawa ba. An yi zama huɗu, abin da ya fito bai wuce shafi ɗaya ba.

Kowane labari sai ya amsa tambaya uku a zaman Alhamis. Shin mai labarin ne ke son a ji, ko mu ne ke son mu buga? In an buga, wa zai iya cutuwa a gidansa ko a garinsu, har da wanda ba ya wurin hirar? Kuma me mai karatu zai sani wanda bai sani ba, ban da cewa wannan bawan Allah ya sha wahala? Tambaya ta ukun ita ta fi yanke labarai. Ta kuma dawo da irin waɗanda aka bari: yadda manomin rani a gefen dam ɗin Jibiya ke lissafin man injin ban-ruwa, yadda mai fataucin dabbobi a Mai'aduwa ya yi da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Labaran tsaro ba a daina su ba, amma an daina auna su da yawan jini.

Ƙa'ida ta biyu ita suke kira maida labari. Ba a buga komai sai an koma wurin mai shi an karanta masa da baki, daga farko har ƙarshe, a gaban wani nasa da shi ya zaɓa. Yana da ikon cire duk abin da ya ga dama, ko ya ce a fasa baki ɗaya, kuma ana ba shi mako guda ya kwana da maganar. In ba a same shi ba, labarin ya jira, ko shekara nawa ne. Hoton fuska sai an tambaya daban, bayan karatun. A shekarar farko an fasa labari biyar ta wannan hanya, uku daga ciki bayan an gama rubuta su tsaf. Abin da ya ba ma'aikatan mamaki shi ne yawancin mutane ba ragewa suke yi ba, ƙarawa suke yi. In mutum ya ji rayuwarsa a bakin wani, sai ya ce a'a, ba haka aka yi ba, tsaya in gaya maka daidai, kuma abin da ya faɗa a zama na biyu ya kan fi na farko.

Ta uku ta shafe ni kai tsaye: mai riƙe da lissafi da mai neman tallafi ba sa shiga zaman Alhamis, edita kuma ba ya zuwa zama da masu ba da kuɗi. An kuma gwada kafa kwamitin masu karatu na mutum biyar da zai duba kowane labari, amma ya jawo jinkiri ƙwarai, sai aka taƙaita shi ga labaran da suka shafi mata, yara, ko rikici.

Da wannan tsari ba za a iya labari ɗaya a mako ba. Aka koma uku a wata.

Inda kuɗi ya fito: ƙarshen 2023 zuwa 2024

Ma'aikacin rediyon ya fara karanta kowane labari da murya, minti goma zuwa sha biyu, ana turawa a WhatsApp. Wannan bai kawo kwabo kai tsaye ba, amma ya kai labaran ga matan aure, direbobi da tsofaffin da ba sa karatun boko, kuma daga cikinsu ne karo-karo ya taso. An roƙi duk mai hali ya riƙa ba da naira 500 ko 1,000 a wata, labarai kuma su ci gaba da zama kyauta ga kowa. Abin da ya sa ya ɗore, a ganina na mai lissafi, shi ne hanyar karɓa. Waɗanda aka bar wa taransifa da kansu sukan manta bayan wata biyu. Waɗanda ke biya ta hannun wani da suka sani, kamar uwar adashe a unguwa ko wani a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ba su cika tsallakewa ba. Kowane wata uku ana tura wa masu karo-karo lissafi a saƙon murya: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Zuwa ƙarshen 2024 sun kusa ɗari uku.

Hanya ta biyu tsohon kiran nan ne ya dawo da wata siffa. Iyalai suka fara biya a je a ɗauki tarihin dattijonsu, a rubuta, a ba su murya a katin memori da ɗan littafi na gida. Ba a buga shi a mujalla sai in su suka nema, kuma ko sun nema sai ya bi ta zaman Alhamis kamar kowane labari. Aikin ya fi yawa a lokacin Babbar Sallah da Sallar Gani a Daura, sa'ad da 'ya'yan da ke Abuja da Legas suka dawo gida suka ga yadda tsufa ya kama iyayensu. Doka ba ta hana irin wannan ƙungiya samun kuɗi daga aikinta ba, abin da ta hana shi ne a raba shi a matsayin riba, don haka duk abin da ya shigo yana komawa asusu.

Tallafin ƙungiyoyi ba a rufe masa ƙofa ba, amma an sa masa iyaka biyu. Babu wata hanya ɗaya da za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shekara, kuma ba a sa hannu a yarjejeniyar da ta ƙayyade yawan labarai a kan wani jigo zuwa wata rana. A 2024 an ƙi tayi ɗaya saboda haka, an karɓi wani ƙarami na horar da matasa aikin hira. An kuma fara ajiye kuɗin wata uku a gefe.

Gwajin 2025

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, ayyukan hukumarta ta ba da tallafi, USAID, suka tsaya, girgizar ta taɓa har ƙungiyoyin da ba kai tsaye suke karɓa ba. Ƙaramin tallafin horaswar ya yanke a tsakiya. A watan ne kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, wasu masu karo-karo suka janye. Ajiyar wata uku ta sauko zuwa ta wata ɗaya. Albashin mutum biyu bai tsaya ba, labarai uku a wata ba su ragu ba, kuma babu labarin da aka buga ba a maida shi ga mai shi ba.

Abin da nake gani

Na daɗe ina ɗaukar abin da ya faru a 2021 a matsayin kuskuren edita, abin da ya faru a 2023 kuma a matsayin matsalar kuɗi. Yanzu ina ganin abu ɗaya ne. Ranar da aka buga labarin dattijuwar, takardar rahoto ce ta yi zaɓe, kuma amsar da na bayar game da asusu ita ta rufe bakin mai cewa a jira. Ƙungiyar Abuja ba ta ce a cuci kowa ba, kuma kuɗinta ya sayi kayan aikin da ake amfani da su har yau. Amma duk wanda ya haɗa adadin labari da ranar biyan albashi ya riga ya zaɓa wa edita, ko bai taɓa karanta layi ɗaya ba. Takardar amincewa kuwa kare mujalla take yi. Abin da ke kare mai labari shi ne ya ji abin da aka rubuta kafin duniya ta ji.

Karo-karo ya yi aiki inda rufe labarai ya gaza domin mutane ba sayen karatu suke yi ba, riƙe abin da suke ganin nasu ne suke yi, kuma ba su fara ganinsa nasu ba sai da labaran suka koma kama da rayuwarsu gaba ɗaya, da sana'a da wahala da dabara. Don haka ban yarda cewa za a iya ɗaukar tsarin kuɗin a bar ƙa'idar zaɓen ba.

Ba zan ce mujallar ta tsira ba. Editar ba ta karɓar albashi, da na koyarwa take rayuwa, kuma in ta gaji ban ga wanda zai karɓa a haka ba. Aikin tarihin iyali yana jan lokacin ma'aikata zuwa gidajen masu hali, abin da kwamiti bai samo masa iyaka ba tukuna. Ƙauyukan da suka fi bukatar a ji su kuwa su ne maida labari ya fi wuya a kai musu, saboda hanya da kuɗin mota, shi ya sa labaransu suka fi daɗewa a jira.

A Disamban 2024 Hajiya da editar suka je gaida dattijuwar. Ta karɓe su, ta sa aka kawo musu ruwa, ta ce yarinyar ta yi aure a wani gari har ta haihu. Editar ta tambaye ta ko akwai abin da take so a rubuta don gyara na baya. Ta ce a bar shi haka nan.